Hamlet: wa ya fi wani iya tuggu a fadar Elsinore?

Hajara:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tunda wasan kwaikwayon Hamlet na Shakespeare ne karatunmu na wannan wata, bari in fara da abin da ya tsaya mini a rai. Duk inda ka duba cewa ake wasa ne na ɗaukar fansa, kuma wai ciwon Yarima Hamlet shi ne jan ƙafa. Ni kuwa abin da na fi gani shi ne laɓe da bugun ciki. Waziri Polonius ya tura baransa Reynaldo zuwa birnin Paris ya binciko masa halin ɗansa Laertes. Sarki Claudius, baffan Hamlet, ya kirawo abokan Hamlet biyu, Rosencrantz da Guildenstern, su bugi cikinsa. An turo Ophelia 'yar Waziri ta tare shi alhali ubanta da Sarki suna laɓe. Shi ma Hamlet ya shirya wasan kwaikwayo don ya karanci fuskar baffansa, har ya sa amininsa Horatio ya zuba masa ido. To tambayata: Hamlet wanda aka zalunta ne da ya faɗa cikin 'yan tuggu, ko shi ma ɗan tuggun ne, ya ma fi su iyawa?

Nafi'u:
Wa alaikumus salam. Haba Hajara, daga fara magana har kin shafa masa kashin kaji? A duba halin da ya tsinci kansa mana. Ɗalibi ne a Wittenberg, ubansa ya rasu, aka ce maciji ne ya sare shi yana barci a lambu. Ko wata biyu ba a rufa ba uwarsa ta auri ƙanen uban, sarautar ma ta tsallake shi. Sannan fatalwar uban ta fito masa cikin dare ta ce ba maciji ba ne, baffanka ne ya ɗura mini guba a kunne. Wa zai kai wa ƙara? Alƙalin shi ne mai laifin. Wanda yake cikin wannan hali in ya yi haukan ƙarya ya ɗana tarko, kansa yake karewa.

Kawu Sule:
Ni duk fadar nan babu wanda ya ƙona mini rai kamar Waziri. Hausawa sun gama magana da suka ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ku koma farkon kashi na biyu ku ji yadda yake koya wa Reynaldo aiki. Ba cewa ya yi je ka tambayo mini yaya ɗana yake ba. A'a. Ya ce ka nemi 'yan Danmak mazauna Paris, ka nuna kamar sanin shanu ka yi wa Laertes, sai ka ɗan ɓata shi: ka ce ai na ji yana caca, yana shaye-shaye, yana faɗace-faɗace, har da bin mata. Baran ma sai da ya ji nauyi, ya ce ranka ya daɗe ai wannan zubar masa da mutunci ne. Tsohon ya ce ko kaɗan, ya danganta da yadda ka sa wa maganar gishiri. Dabarar ita ce in mutum ya ji ka fara, sai ya saki jiki ya ce ƙwarai kuwa, ni ma shekaranjiya na gan shi ya shiga gida kaza. Ɗan cikinsa fa! Abin dariyar kuma, yana tsakiyar bayani sai maganar ta shige masa, sai da baran ya tuna masa inda ya tsaya.

Malam Isuhu:
Kawu, fitowar nan da ka kawo tana da muhimmanci, domin Reynaldo ba ya sake bayyana, ba a ma taɓa jin rahoton da ya kawo ba. Shakespeare ya sa ta ne don mu san irin gidan da Ophelia ta tashi, mu kuma san yadda ake aiki a fadar. Amma karin maganarka bai kama nan ba. Waziri mai surutu ne, Sarki shi ne mai kai.

Duba abin da kowannensu ya tashi da shi daga laɓe guda. Polonius tun kafin ya laɓe ya yanke cewa son 'yarsa ne ya haukata Yarima, har ya karanta wa Sarki da Sarauniya wasiƙar soyayyar da Hamlet ya rubuta mata. Ya laɓe, ya ji Hamlet yana zazzaga wa yarinyar rashin mutunci, ya fito yana nan a kan bakansa: so ne. Claudius kuwa da fitowarsa ya ce wannan ba so ba ne, ba kuma hauka ba ne, akwai abin da yake kwance a ransa wanda in ya ƙyanƙyashe haɗari ne. Nan take ya yanke a tura shi Ingila da sunan karɓo gandun da Ingilawa suka daɗe ba su biya ba. Kunne biyu, labule ɗaya, ɗaya ya ji abin da yake son ji, ɗaya ya ji gaskiya.

Kuma masu kallon wasan a Landan wajen 1600 ba baƙon abu ba ne gare su. Sarauniya Elizabeth ta ɗaya tana da sakatarenta Francis Walsingham, wanda ya rasu a 1590, da tarin 'yan leƙen asiri a gida da waje. A 1586 mutanensa suka riƙa tare wasiƙun Mary ta Sikotilan da ake ɓoyewa cikin gangar giya, suna warware rubutun sirrin, har suka ƙara wa wata wasiƙarta 'yan layuka na jabu don a fito da sunayen abokan Babington a shirin kashe Elizabeth. A 1587 aka sare mata kai. Ku riƙe zancen wasiƙar jabun nan, za mu dawo kansa.

Anti Rabi:
Ku maza kuna ta Sarki da Waziri. Ophelia fa? Yayanta ya yi mata huɗuba ta nisanci Yarima, ubanta ya hana ta ko magana da shi, ta ce to. Ta bi umarni, sai uban ya juyo ya ce bin umarnin nan ne ya haukata shi. Sannan aka miƙa mata littafin addu'a aka ce ki riƙe kamar kina karantawa don kada kaɗaicinki ya ba shi shakka. Ba wanda ya tambaye ta ko ta yarda. Hamlet ya zo, ta mayar masa da kyaututtukansa, ya ce ya taɓa son ta, ya juya ya ce bai taɓa ba. Da ya tambaye ta ina mahaifinki, ta ce yana gida. Wannan ƙaryar guda ita ce duk laifinta, kuma me za ta ce? Ga shi can bayan labule? Wallahi ni nan na fara jin haushin Hamlet ɗinku, Nafi'u.

Nafi'u:
Anti, ai ya san suna laɓe. Da su yake, ba da ita ba.

Zulai:
A wane layi ya sani? Rubutun bai faɗa ba. Masu shirya wasan ne suke ƙarawa. A fim ɗin Laurence Olivier na 1948 an nuna yana jin Waziri lokacin da yake ƙulla shirin, wasu kuma sukan sa labule ya motsa ya hango ƙafa. Amma ko wanne ka ɗauka bai wanke shi ba. In bai sani ba, to wulaƙancin daga zuciyarsa ya fito. In ya sani, to ya yi amfani da ita don ya aika saƙo bayan labule, wato abin da ubanta ya yi mata shi ma ya yi.

Ɗan Katsina:
Ku yi haƙuri in ɗan kauce. Ni abin da ban gane ba shi ne yadda Hamlet yake ta kiran auren uwarsa da baffansa haramtacce. A wajenmu in mace ta gama takabarta ta wata huɗu da kwana goma, ƙanen miji ya aure ta ai rufin asiri ne ga marayu. Gaggawar dai na yarda abin kunya ce.

Malam Isuhu:
Ɗan Katsina, a dokar cocin Ingila ta lokacin auren matar ɗan'uwa yana cikin auren da aka hana. Uban Elizabeth, Henry na takwas, ya auri Catherine matar wansa Arthur a 1509, kuma da wannan hujjar ya nemi a warware auren daga baya. Saboda haka kunnen mutanen Landan ya san zancen. Kuma ba kai ka fara wannan tambaya ba. Wata Ba'amurkiya, Laura Bohannan, ta rubuta a 1966 yadda ta ba dattawan Tibi labarin Hamlet, suka ce ai Claudius ya kyauta da ya auri matar wansa, wa zai yi mata noma in ba haka ba?

Mai Zaure:
Malamai a dawo kan tambayar Hajara don Allah. Zancen Sarauniya ranarsa daban.

Hajara:
To ga abin da ya sa na yi tambayar. Nafi'u ya ce kare kai. Mu duba tarkon da ya ɗana. 'Yan wasa sun zo fada, ya sa su yi wasan kisan Gonzago, ya ce zai ƙara layi goma sha biyu zuwa sha shida na kansa. Hujjarsa mai kyau ce: fatalwar tana iya zama shaiɗan ne ya ɗauki siffar ubansa don ya halaka shi. Na yarda. Amma ana cikin wasan, da mai guba ya fito, shi Hamlet da bakinsa ya ce wa jama'a wannan ɗan ɗan'uwan sarki ne. Ba ƙanen sarki ba. To fadawan da ba su san komai ba me suka gani? Sun ga ɗan ɗan'uwan Sarki ya shirya wasa inda ɗan ɗan'uwa yake kashe sarki, yana ta habaici da baƙar magana ga uwarsa a bainar jama'a. Ko Claudius bai kashe kowa ba zai tashi ya ce a kawo fitila. Mu masu karatu mun san mai laifi ne don mun ji shi yana ikirari shi kaɗai. Tarkon bai tabbatar wa kowa komai ba sai Hamlet da Horatio. Abin da ya tabbatar shi ne ya sanar da Claudius cewa Hamlet ya san zancen guba a kunne.

Nafi'u:
Wannan sai ya nuna bai iya tuggun ba ke nan, kin ba ni gaskiya. Mai makirci na ainihi ba ya tona kansa. Kuma ki duba yadda ya yi da Rosencrantz da Guildenstern. Tun zuwansu ya roƙe su, don darajar abotar ƙuruciya, su faɗa masa ko aiko su aka yi. Suka yi ta kame-kame suna kallon juna kafin Guildenstern ya amsa. Bayan wasan ya miƙa wa Guildenstern sarewa ya ce busa. Ya ce ban iya ba. Ya ce busa mana, ai sauƙinta kamar yin ƙarya. Ya ce wallahi ban iya ba. Sai ya ce to ka ga yadda kuka raina ni, ɗan karan nan ya gagare ka amma ni kake son ka busa. Wannan mutum ne da yake faɗa maka a fuska cewa ya gano ka. Munafuki ba ya haka.

Zulai:
Yauwa, ka kawo su da kanka. Mu je cikin jirgi. Suna ɗauke da wasiƙar Claudius a rufe, wadda ta ce da isarsu a sare kan Hamlet, ko wasa gatari kada a tsaya yi. Cikin dare ya lallaɓa ɗakinsu ya zare ta, ya karanta, ya zauna ya rubuta wata da kyakkyawan rubutu irin na magatakarda, ya ƙawata ta da daɗin bakin fada, ya ce a kashe masu ɗauke da ita nan take, kada ma a ba su damar tuba. Ya buga hatimin ubansa da ke cikin jakarsa, ya naɗe ta kamar ta farko ya mayar. Washegari 'yan fashin teku suka tare su, ya faɗa jirginsu, su kuma suka wuce Ingila da takardar mutuwarsu a hannu. Babu inda wasan ya nuna sun san abin da ke cikin wasiƙar farko. Yana iya rubuta a tsare su, ko a kore su. Kuma da yake ba Horatio labari, da alfahari yake bayarwa. Horatio ya ce to shi ke nan su Guildenstern sun tafi ke nan, Hamlet ya ce ko a jikinsa, su suka cusa kansu tsakanin manya. Ka gaya mini bambancin wannan da abin da mutanen Walsingham suka yi.

Kawu Sule:
Wanda ya yarda ya zama karen farautar sarki ai ya san abin da ya saya.

Anti Rabi:
Kawu, Sarki da Sarauniya suka aika a kirawo su. A fada wa yake cewa a'a? Kuma an ce musu ku taimaka mu gano abin da ke damun abokinku. Ni da nake ganin abokina ya birkice ai zan zo.

Sannan masu cewa Hamlet mai taushin zuciya ne don ya ƙi kashe Sarki yana durƙushe yana addu'a, ku sake karanta dalilinsa. Cewa ya yi in ya kashe shi yanzu aljanna zai tafi, gara ya jira ya same shi a buge ko cikin wani saɓo don ya wuce wuta. Daga nan ya shiga ɗakin uwarsa, ya ji motsi bayan labule, ya soka takobi bai ko leƙa ba. Ya ga Waziri ne, ya ce masa wawa mai shisshigi, ya ja gawar ya ɓoye, ana tambayarsa yana barkwanci da tsutsotsi.

Malam Isuhu:
Akwai abin da zai taimaka a nan. Labarin ya girmi Shakespeare. Wani marubucin Danmak, Saxo Grammaticus, ya rubuta shi da Latin wajen shekara ta 1200, sunan yariman Amleth, daga baya Belleforest ya mayar da shi Faransanci a 1570. Kusan duk tarkunan suna can: an tura masa mace a gwada haukansa, wani bafade ya ɓuya a ɗakin uwar ya kashe shi, an tura shi Ingila da mutum biyu ya kankare saƙon da aka sassaƙa a jikin itace ya sauya. Amma a can baffan a fili ya yi kisan, kowa ya sani. Amleth ya yi hauka ne don kada a ga alamar zai rama a kashe shi. Kuma ya ci nasara, ya ƙone fadawa a zaure suna buge, ya kashe baffan, ya hau sarauta.

Shakespeare sai ya mayar da kisan asiri. Da wannan sauyi guda komai ya juya. Claudius ba shi da dalilin zargin Hamlet tun farko, har ɗana yake kiransa, ya ce kai ne mafi kusa da gadon sarauta. Haukan ƙaryar ne ya jawo ido kansa. Daga nan kowanne yana riƙe da asirinsa yana neman na ɗan'uwansa: Hamlet yana son ya san ko baffansa ya yi, baffan yana son ya san ko Hamlet ya sani. Shi ya sa nake ganin tambayar Hajara tana da amsa biyu gwargwadon inda ka tsaya. Hamlet na kashi na ɗaya ya ce wa uwarsa shi bai san riya ba, abin da ke cikinsa ya wuce baƙaƙen kaya da hawaye. Hamlet na cikin jirgi yana buga hatimin jabu hannunsa ko rawa ba ya yi.

Kawu Sule:
Allah ya gafarta Malam, ban janye maganata kan Waziri ba, amma in ana zancen iya baki to Claudius da Laertes ne wajen kallo. Yaro ya dawo daga Faransa, an binne ubansa a ɓoye ba girmamawa, ya taho da gungun jama'a suna kiran Laertes ne sarki, suka ɓalle ƙofa. Claudius ko gezau, ya ce wa Sarauniya sake shi ya yi magana. Ya bar shi ya fitar da zafin, ya ce tara abokanka masu hankali su yi mana hukunci, in da hannuna a ciki na ba ka sarautar da raina. Da suka keɓe ya kawo dalili biyu da suka hana shi hukunta Hamlet: uwar ba ta iya rayuwa sai da shi, talakawa kuma suna son sa. Sai ya shiga yabo, wai wani Bafaranshe gwanin doki ya zo yana yaba iya takobinka har Hamlet ya kama hassada. Da ya ga ya yi laushi sai ya soka masa: wai shin kana son ubanka kuwa, ko baƙin cikin na fuska ne kawai? Me za ka yi ka nuna kai ɗansa ne? Yaro ya ce zan yanka maƙogwaronsa ko a cikin coci ne. Mutumin da ya zo kashe Sarki ya fita yana yi wa Sarki aiki, har da gudummawar gubar da ya saya wajen wani mai magani. Ingiza mai kantu ruwa ke nan.

Hajara:
Kuma Claudius bai yarda da tarko ɗaya ba, sai da ya yi uku a wasan takobin da ya shirya tsakanin Hamlet da Laertes: takobi mai tsini, guba a bakin takobin, da kofi mai guba in na farko ya kuskure. Na ukun ne ya kashe masa mata. Yana kallo ta ɗaga kofin, abin da ya iya cewa kawai kada ki sha. Ta ce sai na sha. Da ya ce akwai guba da ta tsira, amma da ya tonu.

Nafi'u:
To ku lura da wannan. Duk wanda ya mutu a fitowar ƙarshe tarkon Claudius ne ya ci shi, har shi kansa. Hamlet ya shiga wasan takobin nan ba shi da shiri ko ɗaya. Ya gaya wa Horatio zuciyarsa ba ta kwanta ba, Horatio ya ce bari in ce ba ka da lafiya, ya ƙi, ya ce abin da zai zo zai zo, in ba yanzu ba to nan gaba. Ya nemi gafarar Laertes a gaban jama'a. Ko takubban bai bincika ba, tambaya kawai ya yi ko tsawonsu ɗaya. Bai taɓa Sarki ba sai da Sarauniya ta faɗi, Laertes ya tona da bakinsa. Mutumin da ya dawo daga teku ya ajiye dabara ya koma ga ƙaddara. Nan girmansa yake.

Zulai:
Neman gafarar nan fa? Cewa ya yi ba Hamlet ne ya yi ba, haukansa ne. Haukan da shi da kansa ya gaya wa uwarsa na dabara ne. Wato a gaban wanda ya kashe wa uba ma sai da ya fake da ƙaryar da ya ƙirƙira. Kuma labarin wasiƙar jabun a cikin wannan fitowar ya bayar, kafin zancen ƙaddarar da kake yabo. Yana mutuwa ma bai bar shiri ba: ya ƙwace kofin daga hannun Horatio ya ce ka rayu ka ba da labarina, ya kuma ba Fortinbras, yariman Norway, goyon bayansa a zaɓen sarki. Labarin mutum takwas da suka mutu zai fito ne daga bakin amininsa shi kaɗai.

Nafi'u:
Amma Horatio bai rufa masa asiri ba. Jakadun Ingila suna shigowa suka ce an cika umarni, an kashe su Rosencrantz, wa zai yi mana godiya? Horatio ya ce ba Sarki ne ya ba da umarnin ba. A gaban Fortinbras da sojojinsa ya faɗa.

Zulai:
Ya ce ba Sarki ba ne. Bai ce Hamlet ne ba.

Ɗan Katsina:
Ni Fortinbras ɗin ne ya ba ni mamaki. Ubansa ya mutu a hannun tsohon sarkin Danmak, ya tara mayaƙa zai rama, Claudius ya tura jakadu biyu wajen baffansa na Norway aka tsawatar masa. Sai ya ce to a ba shi hanya ya ratsa Danmak zuwa Poland, aka ba shi. Duk 'yan leƙen asirin fadar nan suna bayan labule suna sauraren ɗalibi ɗaya, ba wanda aka tura ya bi sawun rundunar baƙi da ke yawo cikin ƙasa. Malam, akwai inda Claudius ya sake ambaton sa bayan ya ba da izinin?

Malam Isuhu:
Bai ma ba da izinin a gabanmu ba. Jakadun sun kawo takardar neman hanya, ya ce abin ya yi masa, zai karanta ya yi tunani in ya sami sarari. Polonius yana tsaye yana ɗokin a sallame su don ya karanta wasiƙar soyayya. Sai a kashi na huɗu muka ga Fortinbras a ƙasar Danmak da rundunarsa yana aika kyaftin ya gai da Sarki, yana tuna masa alkawarin hanya. Zulai, ki duba abin da Horatio ya ce zai ba da labari a kai a jawabinsa na ƙarshe, ki gaya mana ko su Guildenstern suna cikin waɗanda ya kira masu ƙulla sharrin da ya koma kansu, ko suna cikin waɗanda aka kashe da dabara.

Zulai:
Na duba, Malam. Bai kama sunan kowa ba.